Gas ɗin Najeriya tsakanin Turai, Sahara da hasken rana: wa zai saya, wa zai biya?

A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya je Gwagwalada ya aza harsashin tashar lantarki ta kamfanin NNPC, wadda aka tsara za ta samar da megawat 1,350 a matakai uku, matakin farko megawat 350. Gas ɗin da za ta ƙona zai zo ne ta bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka fi sani da AKK. Ba a cika shekara biyu da wannan biki ba sai ga shi an ware naira biliyan 10 a 2025 domin a kafa wa fadar Aso Rock tata wutar sola. Daga Gwagwalada zuwa fadar tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, amma kowane ɗaya daga cikin ayyukan biyu ya ɗora kuɗinsa ne a kan gobe dabam. Na farko ya yi imani gas ne zai riƙe wutar ƙasar nan shekaru talatin masu zuwa. Na biyu kuwa ya nuna cewa ko gidan gwamnati ma ba ya son ya ci gaba da jiran babban layin lantarki na ƙasa. Abin da zai faru da gas ɗinmu yana rataye ne da abubuwan da ake yanke hukuncinsu a Brasels, da Aljiyas, da Yamai, da Beijing, da kuma mitar gidan mutumin Kubwa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

A fara da lissafin abin da ke ƙasa da abin da ke fitowa, domin a nan ne ake yawan ruɗa mutane. Najeriya tana da gas sama da kubik fit tiriliyan 200 da aka tabbatar da shi, ba wata ƙasa a Afirka da ta kai ta. Sai dai gas ɗin da ke kwance a ƙasa ba shi ne na sayarwa ba. Abin da ake haƙowa a rana bai wuce kubik fit biliyan 7 da 'yan kai ba, kuma wannan ɗin ma an riga an raba shi. Kaso mafi tsoka yana tafiya tsibirin Bonny a Jihar Ribas, inda kamfanin NLNG ke sanyaya shi har ma'auni 162 ƙasa da sifili, ya koma ruwa, girmansa ya ragu sau 600, a loda shi a jiragen ruwa. Wani kaso ana mayar da shi cikin rijiyoyi domin ya tunkuɗo ɗanyen mai, wani ana ƙona shi a banza, abin da ya saura shi ne na tashoshin lantarki da masana'antun gida.

Yanzu a dubi manyan bututai biyun da ake ta magana a kansu domin kai gas Turai, wato wanda zai ratsa Sahara zuwa Aljeriya da wanda zai bi gaɓar teku zuwa Maroko. Kowannensu an tsara zai ɗauki kubik mita biliyan 30 a shekara, wanda ya kama kusan kubik fit biliyan 3 a rana. Masana'antar Bonny gaba ɗayanta, da sassanta shida da ke iya fitar da tan miliyan 22 a shekara, kusan abin da take aikawa ke nan idan tana aiki da cikakken ƙarfinta. Wato kowane bututu yana buƙatar a samo masa gas kwatankwacin na Bonny, alhali ita Bonnyn kanta ta shafe shekaru tana aiki ƙasa da ƙarfinta saboda ƙarancin gas da fasa bututai a yankin Neja Delta. Sashe na bakwai da ake ginawa zai kai ta tan miliyan 30, shi ma da bakinsa. Duk wanda ya ce za a cika bututu biyu, a ciyar da Bonny, a kuma haskaka Arewa ba tare da ya nuna sababbin rijiyoyin da za a haƙa da wanda zai biya kuɗin haƙar ba, cinikin biri a sama yake yi.

Turai ce ta farfaɗo da maganar. Kafin Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairun 2022, sama da kashi 40 cikin 100 na gas ɗin da Tarayyar Turai ke shigowa da shi daga Rasha yake zuwa. Da aka fara rufe famfo, farashi ya haura yuro 300 a kowace megawat-awa a watan Agustan shekarar, alhali a da yana yawo ne a wajen yuro 20. A watan Satumba aka fasa bututun Nord Stream, mai kai gas ɗin Rasha Jamus, a ƙarƙashin teku. Jami'an Turai suka yi ta zarya a manyan biranen Afirka, har da Abuja, suna neman gas ko ta halin ƙaƙa. A lokacin an ɗauka kakarmu ta yanke saƙa.

Amma a lura da yadda Turai ta cike giɓin. Ba ta jira a gina mata bututu ba. Ta sayi gas na ruwa daga Amurka, wadda ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da shi a 2023, ta ƙara ɗebowa daga Nowe, Jamus ta kafa tashoshin sauke gas a kan ruwa cikin 'yan watanni, sannan abin da ya fi komai muhimmanci a gare mu, ta rage amfani da gas ɗin kansa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wasu masana'antu sun rufe, gidaje sun rage ɗumama ɗaki, an ƙara wutar iska da ta rana. Tarayyar ta kuma sa a dokarta cewa nan da 2050 za ta daina ƙara wa sararin sama hayaƙi. Wannan shekara ta 2050 ita ce ƙashin bayan matsalar bututu. Ba banki da zai ba da bashin dala biliyan goma sha wani abu sai ya ga kwantaragin shekara 20 ko fiye, irin wanda mai saye ke sa hannu cewa ko ya ɗauki gas ko bai ɗauka ba zai biya. Idan aka kammala bututu a tsakiyar shekarun 2030, shekara ashirin ɗin za su ƙare ne bayan lokacin da mai sayen ya yi alkawarin barin kayan. Kamfanonin Turai sun fi son kwantaragi gajere da gas na jirgin ruwa, wanda in ba sa so sai su karkatar da shi Asiya. Bututu kuwa baki ɗaya gare shi, inda aka nufa da shi nan zai zuba.

Bututun Sahara shi ne ya fi tsufa a takarda. An sa hannu a yarjejeniyarsa a Abuja a 2009, aka sabunta a Aljiyas a Yulin 2022. Tsawonsa ya haura kilomita 4,000, daga yankin Warri ya ratsa Nijar ya isa Hassi R'Mel a Aljeriya, inda zai haɗu da bututan da suka riga suka tsallaka teku zuwa Italiya da Sifen. Ta fuskar aikin injiniya shi ya fi sauƙi: ƙasashe uku ne kawai, a doron ƙasa yake, AKK tamkar kashinsa na farko ne, ita ma Aljeriya tana da nata bututan da suka gangaro kudu. Abin da ya rage shi ne tsakiyar, kuma tsakiyar ita ce Nijar. A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta ta rufe iyaka, daga baya Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A watan Afrilun 2025 kuma ƙasashen uku suka janye jakadunsu daga Aljeriya bayan ta harbo wani jirgin Mali marar matuƙi a kan iyaka. Irin wannan saɓani yakan lafa, a sake gaisawa a ɗauki hoto. Mai ba da bashi dai ya riga ya rubuta a littafinsa cewa cikin shekara biyu ƙasar tsakiya ta ɓata da maƙwabciyarta ta kudu da ta arewa, kuma zai ƙara wannan a kan kuɗin ruwa.

Batun tsaro ma ba zance ne na fatar baki ba. Gas ba ya tafiya da kansa a nisa irin wannan. Kowane kilomita 100 zuwa 200 sai an kafa tashar da ke ƙara matse shi, da injina da ma'aikata da wurin kwanansu, kuma tsayawar tasha ɗaya yana rage abin da ke isa can ƙarshe. An ga misali a kusa: bututun ɗanyen mai na kusan kilomita 2,000 da kamfanin CNPC na Sin ya gina daga Agadem a Nijar zuwa gaɓar tekun Benin. A 2024, shekarar da ya fara aiki, rikicin iyaka tsakanin Yamai da Kwatano ya tsayar da lodi, sannan 'yan tawaye suka fasa shi.

Bututun Maroko kuwa an sanar da shi ne a Disambar 2016 lokacin da Sarki Muhammad na Shida ya ziyarci Abuja. Zai bi gaɓar Tekun Atlantika ya ratsa ƙasashe 13, tsawonsa ya haura kilomita 5,600, ana ƙiyasta kuɗinsa a dala biliyan 25. Yana kauce wa Sahel, amma yana ninka yawan gwamnatocin da dole a daidaita da su a kan haraji da kuɗin wucewa. Ga kuma Yammacin Sahara, yankin da Maroko ke riƙe da shi, Aljeriya kuma ke goyon bayan masu neman 'yancinsa. Ƙasashen biyu sun yanke hulɗa a Agustan 2021, kuma a ƙarshen Oktoban shekarar Aljeriya ta daina tura gas ta bututun da ke bi ta Maroko zuwa Sifen. Saboda haka kada a ɗauki ayyukan biyu a matsayin kasuwanci zalla. Kowane ɗaya makami ne a hannun ɗaya daga cikin kishiyoyi biyu, kuma duk sanarwar da ɗaya ya yi sai ka ji ɗayan ya mayar da martani da tasa. Najeriya ta zaɓi ta yi murmushi da kowa, wanda dabara ce mai kyau muddin ba ita za ta ciyo bashin ba.

Ƙaramin ƙanen wannan aiki ya riga ya nuna mana inda gizo ke saƙa. Bututun Afirka ta Yamma mai tsawon kilomita 678 yana kai gas daga Legas zuwa Benin da Togo da Gana. A 2012 wani jirgin ruwa ya fasa shi da ƙugiyarsa a kusa da Lome, ya yi kusan shekara ba ya aiki. Bayan an gyara, sai aka koma kan matsaloli biyu da suka fi fashewar naci: Najeriya ba ta iya tura adadin da ta yi alkawari, masu saye a Gana kuma bashi yana taruwa a kansu.

Ta ɓangaren jiragen ruwa gasar ta fi zafi. Katar ta tsara ɗaga abin da take fitarwa daga tan miliyan 77 zuwa 142 a shekara, Amurka kuma tana ta ƙara sababbin tashoshi a gaɓar Tekun Meziko. Idan duk wannan ya shigo kasuwa lafiya, farashi zai sauka, masu saye su yi ta zaɓe. Abin da ke iya birkita lissafin shi ne mashigar teku ta Hormuz da ke tsakanin Iran da Oman, inda kusan kashi ɗaya cikin biyar na gas na ruwa na duniya ya bi a 2024, kuma Katar ba ta da wata ƙofar fita sai ita. Duk lokacin da aka yi hayaniya da Iran, masu saye sukan tuna cewa jirgin da ya taso daga Bonny yana isa Sifen ko Fotugal ba tare da ya bi ta Hormuz ko Bahar Maliya ba. Wannan gata ne na gaske da Allah ya ba mu. Sai dai gata ne da ke amfanar wanda yake da kaya a hannu ranar da kasuwa ta tashi. A 2022, lokacin da farashi ya kai ƙololuwa, Bonny ba ta da rarar da za ta sayar, har ma ambaliyar watan Oktoba ta sa kamfanin ya sanar cewa ba zai iya cika wasu alkawura ba.

Sai kuma wani baƙon al'amari da ba a sa shi a lissafi ba shekara biyar da suka wuce, wato ƙirƙirarriyar basira da manyan cibiyoyin kwamfuta da ke ɗauke da ita. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha wutar da ta kai terawat-awa 415 a 2024, kuma tana hasashen za su kai kusan 945 nan da 2030. Don a gane girman abin, idan babban layinmu na ƙasa ya riƙe megawat 4,500 dare da rana har shekara, abin da zai bayar bai kai terawat-awa 40 ba. Wannan ƙishirwa tana taɓa mu ta fuska biyu masu karo da juna. Idan Amurka ta ƙara ƙona gas ɗinta a gida domin waɗannan cibiyoyi, farashinsa zai tashi, gas ɗin Bonny ya ƙara daraja. Amma manyan injinan da ke juya gas ya zama lantarki kamfanoni uku ne suka mamaye ƙera su, GE Vernova da Siemens Energy da Mitsubishi, kuma layin masu jira ya yi tsawon da wanda ya yi oda yau sai ya jira shekaru. A layin da kamfanonin fasaha ke biyan kuɗi tun kafin a fara ƙira, mai sayen da ake bin sa bashin gas ba zai samu gaba ba. Matakai na biyu da na uku na Gwagwalada suna cikin wannan layi ko ana so ko ba a so. Ita kanta ƙishirwar ba tabbas gare ta ba. A Janairun 2025, da kamfanin DeepSeek na Sin ya fito da manhajar da ya ce ya horar da ita da kuɗi kaɗan, darajar kamfanin Nvidia ta faɗi da kusan dala biliyan 600 a rana ɗaya, saboda masu jari sun fara tambayar ko ana buƙatar duk wutar da aka yi hasashe.

A ganina, abin da ya fi duk waɗannan gudu shi ne wanda ake saukewa daga kwantena a kasuwannin kayan lantarki. Farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma bai tsaya ba. Batirin litiyom da ya haura dala 1,000 a kowace kilowat-awa a 2010 ya sauko kusa da dala 115 a 2024. Sin ce ke ƙera sama da kashi 80 cikin 100 na kayan sola na duniya, masana'antunta suna samar da fiye da abin da kasuwa ke sha, Amurka kuma ta toshe musu ƙofa da haraji, don haka rarar ta kwararo ƙasashe irin namu. Pakistan ta shigo da farantan da suka kai megawat 17,000 a 2024 kaɗai, ba da wani shirin gwamnati ba, mutane ne suka gaji da tsadar wuta. Najeriya ma ta zama ta biyu a Afirka wajen sayo su daga Sin, bayan Afirka ta Kudu.

Lissafin da mai otal a Wuse ko mai gidan burodi a Nyanya ke yi ba shi da wuya. Litar dizal ɗaya tana ba da wuta yunit 3 zuwa 3 da rabi a janareta mai lafiya. In lita tana naira 1,200, kowane yunit ya haura naira 340, ba a sa kuɗin baƙin mai da gyara ba. Wutar rukunin A, wadda aka ɗaga daga naira 68 zuwa 225 a Afrilun 2024 bisa alkawarin awa 20 a rana, ta fi dizal sauƙi in ta zo. Farantan sola na kilowat ɗaya kuwa a yanayin Abuja suna ba da kusan yunit 4 a rana, su ragu a watan Agusta saboda hadari, su ragu a hunturu in ba a goge ƙura ba. Inda ake yawan yin asara shi ne a batir: a sayi ƙarami a ɗora masa na'urar sanyaya ɗaki, ko a sayi mai ruwa a riƙa zuƙe shi ƙaf kowane dare, cikin shekara biyu ya mutu. Wanda ya auna kayansa daidai, ya mayar da aikinsa mai nauyi zuwa tsakar rana, cikin 'yan shekaru yake fanshe kuɗinsa.

Illar wannan ga gas ba a bayyane take ba sai an bi sarƙar kuɗi. Mai haƙo gas yana sayar wa tashar lantarki, tasha ta tura wuta ta layin ƙasa, kamfanin rarrabawa ya kai wa jama'a ya karɓi kuɗi, kuɗin ya bi hanya ya koma baya. A wannan sarƙa sama da kashi ɗaya cikin uku na wutar da aka tura yana salwanta, ko a wayoyi, ko ta sata, ko ta takardar da ba a biya ba, kuma kusan rabin masu amfani da wuta ba su da mita. Ana ƙayyade farashin gas da dala, ana sayar da wuta da naira, kuma dalar da take wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 cikin shekara guda. Gwamnati ta ce za ta cike giɓin da tallafi, ba ta biya a kan lokaci, har a 2025 kamfanonin samar da wuta suka ce suna bin kusan naira tiriliyan 4. Su kuma sai su kasa biyan masu gas, masu gas su rage turowa. Shi ya sa muke da tashoshin da aka kafa masu ƙarfin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yake yawo tsakanin 4,000 da 5,000 da ɗoriya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. To, waɗanda ke biyan kuɗin wuta cif-cif, wato otal-otal da bankuna da manyan shaguna da gidajen Maitama da Asokoro, su ne kuma ke da halin sayen sola. Duk wanda ya fita a cikinsu, sarƙar ta rasa mai biya, nauyin ya koma kan waɗanda suka rage, farashi ya ƙaru, wani ma ya fita.

Farashin gas da hukuma ta ƙayyade wa tashoshin lantarki a 2025 dala 2.13 ne a kowane MMBtu, wato ma'aunin da ake sayar da gas da shi, a lokacin da irin wannan ma'auni ya haura dala 10 a Turai. Gaskiya ne na Turai ya haɗa da kuɗin sanyayawa da na jirgi, amma ko an cire su, mai rijiya yana kallon abu biyu: can za a biya shi da dala a kan lokaci, nan za a biya shi da naira in an ga dama. Ba abin mamaki ba ne cewa manyan ayyukan haƙar gas da aka amince da zuba musu jari kwanan nan, irin su filin Ubeta na TotalEnergies a 2024, Bonny aka nufa da su.

Nan ne maganar AKK ta dawo. Bututu ne mai faɗin inci 40 da tsawon kilomita 614, an ƙiyasta kuɗinsa a dala biliyan 2.8, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a Yunin 2020 da niyyar a gama cikin shekara biyu. An tsara bankunan Sin za su ba da mafi yawan kuɗin, ba su sake shi ba, NNPC ya koma yana biya daga aljihunsa, aka yi ta ɗage ranar kammalawa. Tsallaka Kogin Neja kaɗai ya cinye lokaci mai tsawo, sai a 2025 aka sanar an wuce shi. Amma ko an haɗa ƙarfe na ƙarshe a Kano, bututu fanko ne sai an samu abin zubawa a Ajaokuta. Rijiyoyin gas masu yawa suna gabashin Neja Delta, kuma bututun OB3 da aka yi domin ya tsallako da shi zuwa yamma ya shafe shekaru yana maƙale a nasa mashigin kogin. A ɗaya ƙarshen kuma akwai tambayar mai saye. Kubik fit miliyan 100 a rana yana riƙe tashar kusan megawat 400. Bututun da aka yi don ɗaukar kusan biliyan 2 a rana yana buƙatar masu saye ninkin wannan sau ashirin. Tashar Kudenda da ke Kaduna mai megawat 215, wadda aka ba da kwangilarta tun 2009, ta nuna abin da ke faruwa in ba a haɗa gini da man da zai ci a lokaci ɗaya ba.

Duk da haka kuskure ne a ce sola ta gama da gas. Akwai ayyukan da faranti ba ya yi. Takin zamani na yuriya daga gas ake yin sa kai tsaye, masana'antar Dangote a Legas mai tan miliyan 3 a shekara da ta Indorama a Fatakwal shaida ne, kuma manoman da suka fi buƙatarsa suna Arewa. Tukunyar tururi ta masaƙa, da tanderun siminti, da narka ƙarfe, da sarrafa fata a Challawa da Sharaɗa da Bompai, duk zafi suke so mai yawa mai araha, ba ƙwan fitila ba. Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano za su iya barin dizal su koma gas in akwai tashoshin cikawa a hanya. Birni kamar Abuja kuma yana buƙatar wuta daga magariba zuwa asuba, da kuma kwanakin marka, kuma har yanzu batirin da zai riƙe birni guda tsawon dare ya fi injin gas tsada. Arewa tana da wani dalili na daban. A Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ke tasowa daga Enugu ta Makurɗi shi ma ya samu matsala, jihohin Arewa da dama sun kwana sama da mako a duhu. Tasha a Kaduna ko Kano tana rage dogaro da waya guda da ta ratsa dajin da 'yan bindiga ke ciki, ko da yake shi ma bututun ta daji ya bi.

In aka ɗora waɗannan a ma'auni, ba su zo daidai ba. Bututan ƙetare suna buƙatar abubuwa da yawa su dace a lokaci guda, kuma ba ko ɗaya a hannunmu. Gas na jirgin ruwa yana da kasuwa, abin da ke tauye shi namu ne: tsaron bututai da sababbin rijiyoyi. Kasuwar gida ita ce ta fi tabbas ta fuskar buƙata, ita ce kuma ta fi rauni ta fuskar biya, sannan ita ce sola ke gutsura daga sama. Kwal ɗin Enugu bai ƙare ba, jiragen ƙasa ne suka koma dizal suka bar shi a rami, kuma mutanen Jos sun san abin da ya biyo bayan rushewar kasuwar kuza a 1985. Gas bai kai wannan matsayi ba, amma lokacin da za a iya gina masa masana'antu a ci riba yana da iyaka.

Don haka idan aka ji sanarwa daga wani otal a Abuja cewa an sa hannu a takardar fahimtar juna, a nemi sanin abubuwa kaɗan kafin a yi tafi. Wane fili ne zai ba da gas ɗin, kuma an amince da kuɗin haƙarsa? Wane kamfani ne ya sa hannu zai saya, na shekara nawa, da wane kuɗi? Wane banki ne ya tsaya masa in ya kasa biya? Ga AKK musamman, alamar da ta fi bikin buɗewa daraja ita ce a ga masana'antar taki ko ta siminti ko rukunin masana'antun Kano sun ƙulla ciniki kai tsaye da mai gas, ba tare da kuɗin ya bi ta sarƙar lantarki ba. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, saboda haka Kaduna ko Kano za su iya ba tasha lasisi ta sayar wa masana'antu wuta ta wayarta, da mita a ƙofar kowace masana'anta, a biya a ƙarshen wata. Tashar megawat 50 da aka tsara haka, gas da dare da sola da rana, tana buƙatar gas da bai kai kubik fit miliyan 15 a rana ba, kuma irin ƙananan injinan da take amfani da su ba sai an jira kamfanonin nan uku ba.